Wutar Hamadar Silain

Farij Abdul Aziz, Doha
9 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Haulat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Maimunat da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai kewarku.

Kin ce kin gaji da waya, daga na ce "ya kike" sai layi ya tsinke, in ya dawo kuma hayaniyar 'yan ɗakinmu ta hana ki ji na. To ga shi na yi yadda kika ce, na rubuta a takarda na ɗauke ta hoto na turo. Rabona da riƙe biro haka tun ina sakandare, sai ki yi haƙuri da rubutun.

An sauya mini aiki. Na daina jigilar ma'aikatan otal zuwa Lusail. Da yake sanyi ya shigo, mutanen garin nan duk sun tasar wa hamada, kowa da tantinsa. Shi ne mudir ɗinmu, wato manajanmu Rashad, ya mayar da ni sashen masu kai baƙi kwana a can. Wurin sunansa Silain, kudu da Doha. Sai mun rage iskar tayoyi kafin mota ta iya hawa yashin. Haulat, ban taɓa ganin irinsa ba. Tudun rairayi ne kamar tsauni, kina gangarowa sai ki ga teku a gabanki, ba gida ba bishiya.

In mun isa sai mu kafa tantuna, mu shimfiɗa dardumai, mu jera matasai a zagaye. Wuta a tsakiya, kuma ni ne mai kula da ita. Da magariba ta yi sai ki ga mutanen da ba su san juna ba sun matso, kowa ya miƙa tafin hannu. Jiya wani tsohon Bature ya zauna kusa da ni yana ta ba ni labarin matarsa da ta rasu. Rabin maganarsa ban gane ba, ina dai gyaɗa kai, ya tashi yana ta godiya.

Ga kuma babban labari. Rashad ya yarda kamfani ya tsaya mini a nemo miki bizar ziyara, ki zo ƙarshen Janairu ki yi mako biyu. Abokina Bawah, ɗan Kumasin nan da nake ba ki labari, shi da matarsa Mufeeda sun ce za su bar mana ɗaki guda a gidansu. Ki fara zancen fasfo. Maimunat ta zauna wajen Inna saboda makaranta.

Ki gaishe da Inna da kyau. Ki ce wa Maimunat Abbanta ya ga raƙumi yana shan ruwan gora.

Naki har kullum,
Sagiru

Tudun Wada, Kaduna
14 ga Nuwamba

Abban Maimunat,

Wa alaikumus salam. Mun wuni lafiya, Inna tana amsawa, ta ce Allah ya tsare ka da hamadar Larabawa.

Takardarka ta zo. Rubutun naka kamar kaji sun yi faɗa a kan toka, amma sai da na karanta har na kusa haddacewa. Da na zo wajen biza ihu na yi, Inna ta fito da gudu ba ɗankwali tana tambayar wa ya mutu. Na ce ba wanda ya mutu, ni ce zan hau jirgi. Ta ce to shi ne za ki tsinka mini zuciya?

Na je wajen hoton fasfo ranar Talata. Mai hoton ya ce sai na ɗan ja hijabi baya. Na ja, ya ga gefen wuyana, ya yi saurin kau da kai yana ba ni haƙuri kamar shi ya ƙona ni. Na ce masa Malam ɗauki hotonka, tabo ne, ba ya cizo. Na dawo gida ina ba kaina dariya, amma ka san ni, sai da na ɗan yi shiru a ɗaki.

Ɗinki yana tafiya, biki biyu ne a gabana. Gawayi kuma ya ƙara tsada, ga shi wanda ake kawowa yanzu jiƙaƙƙe ne, sai na yi ta fifita har ido ya yi ja.

Shi ya sa ma zan tambaye ka. Ka ce ba gida ba bishiya. To ina kuke samun itacen wutar? Daga gari kuke loda shi a mota? Kuma kai da ko wutar ruwan zafi ba ka iya hurawa a gidan nan, yaushe ka zama sarkin wuta? Ka turo mini hotonka kana zaune a gabanta, in ga ko ka rame. Kada ka turo wanda ka sa baƙin tabarau, idonka nake son gani.

Maimunat ta ce ƙarya ne, raƙumi ba shi da hannun riƙe gora.

Matarka,
Haulat

Doha
17 ga Nuwamba

Haulat,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya.

Mai hoton nan bai san wadda yake ɗauka ba, da ya sani da ya nemi tubarraki. Kada ki ƙara yin shiru a ɗaki saboda irinsu.

Zancen itace, komai kamfani ke tanada, mu dai mu loda mu sauke. Ga hoton nan, Bawah ne ya ɗauke ni da ya raka mu ranar hutunsa. Kin ga ban rame ba, karak, shayin madarar nan nasu, ya riƙe ni. Ki duba bayana, wancan shuɗin ba sama ba ce, teku ne.

Ina sauri, mota na jira. Ki ce wa Maimunat mai raƙumin ne ke riƙe masa gorar.

Naki,
Sagiru

Kaduna
18 ga Nuwamba

Abban Maimunat,

Salam. Muna lafiya.

Na ga hoton. Na ga tekun. Na kuma buɗe hoton da yatsa don in ga fuskarka sosai, sai na ga wutar ba itace a cikinta, duwatsu ne. Na ga baƙin tiyo ya fito daga ƙarƙashin kaskon wutar ya bi yashi. Na bi shi da ido har ƙarshen hoton, inda Bawah bai gama yankewa ba. Na san gindin tukunyar gas in na gan shi.

A gadon asibiti ka riƙe hannuna mai lafiya ka ce abin nan ba zai ƙara kusantarmu ba. A filin jirgin Kano na roƙe ka ka nisance shi, ka ce to.

Kada ka kira ni yanzu. Ba zan ɗauka ba.

Haulat

Farij Abdul Aziz, Doha
27 ga Nuwamba

Ƙanwata Haulat,

Assalamu alaikum. Ba ki san ni ba sai a baki, ni ce Mufeeda matar Bawah. Ina gaishe ki, ina gaishe da mamanki da yarinya. In kin ga Hausata ta karkace ki yi haƙuri, ta Zongon Kumasi ce. Mijinki kullum dariya yake mini wai ina mayar da mata maza.

Na karɓi lambarki a wayarsa ba da saninsa ba, in ya ji ya yi fushi da ni, na saba.

Ba zan shiga tsakanin mata da miji ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa miki. Ranar Juma'a na dafa shinkafa da wake irin namu, wanda in ya zo sai ya yi ƙari ya kuma roƙi na tafiya da shi. Ya zauna yana juya cokali har abincin ya huce. Na ce Sagiru mene ne, ya ce ba komai. Sai da Bawah ya fita da shi waje sannan ya faɗa masa abin da ya same ki shekara uku da suka wuce, wutar gas da ta ƙone ki. Wallahi ba mu sani ba. Da Bawah ya sani da bai ɗauki hoton nan ba, yanzu shi ma yana ta zagin kansa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Sagiru ya je ya gaya wa mudir ɗinsa cewa ba zai ƙara taɓa kaskon ba. Mudir ya ce masa an riga an ba wani mutum aikinsa na da, in ba zai yi wannan ba, khalas, wato shi ke nan, sai dai ya koma gida. Ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya yi tunani. In ya bar aikin, bizarki ma ta tafi. Kuma na san ba zai gaya miki ba, sai dai ki gan shi da jaka a ƙofar gida.

Ni ban ce ki yafe ba, ban ce kada ki yafe ba. Ki dai yi masa magana. Ni kuma na riga na sayi sabon labule na ɗakinki, kada ki sa in yi asara.

Yayarki in kin yarda,
Mufeeda

Kaduna
28 ga Nuwamba

Abban Maimunat,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ce in gaishe ka, ba ta san komai ba.

Anti Mufeeda ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa, ta fi ka hankali.

Kada ka kuskura ka bar aikin nan. Ka ji ko? Gobe da safe ka je ka ce wa Rashad ka fasa.

Kwanakin nan da na yi shiru na zauna na tambayi kaina abin da ya fi ƙona mini rai. Da farko na ɗauka tsoro ne, kuma akwai tsoron, ba zan ɓoye maka ba. Daren da na ga hoton ban runtsa ba, ina rufe ido sai in gan ka a durƙushe gaban abin nan. Amma da tsoron ya lafa sai na ga wani abu a ƙarƙashinsa. Na tambaye ka ina kuke samun itace, ka ce komai kamfani ke tanada. Ka lallaɓa ni kamar yadda kowa ke lallaɓa ni. A gidan biki in na shigo sai a ja ƙofar kicin. Ƙawayena in suna zancen cika tukunya suka gan ni sai su koma zancen atamfa. Na ɗauka kai kaɗai ne ba ka ɗauke ni kamar ƙwai ba, ashe kai ne shugabansu.

Alkawarin da na sa ka yi, na sa ka ne ina kwance ana ɗaye mini bandeji. Ban ce ka kyauta da ka karya shi a ɓoye ba. Amma na sake ka daga shi.

Yanzu ga abin da nake so. Ka zauna ka rubuto mini yadda kaskon nan yake, daga sauke shi a mota har kashe shi. Kada ka tsallake komai, kada ka sa masa sukari. Ina ake ajiye tukunyar, wa ke duba tiyon, ina fuskarka take lokacin da wutar ke kamawa. In zan ji tsoro, gara in ji tsoron abin da na sani.

Kuma ka ci abinci. An ce ka bar shinkafa da wake ta huce, abin kunya a gidan mutane.

Matarka da ba ta gama hucewa ba,
Haulat

Doha
1 ga Disamba

Haulat, matata,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da ya sa kika rubuto. Na yi laifi, ki yafe mini. Na je wajen Rashad na ce na fasa, ya ce 'yan Najeriya za su sa masa hawan jini.

Ga yadda yake. Kaskon baƙin ƙarfe ne, faɗinsa kamar babban farantin da Inna ke shanya kuɓewa, da gajerun ƙafafu da murfi. Hannu ɗaya ke ɗaukarsa. A cikinsa akwai zoben ƙarfe mai ƙananan huji, a kai ake zuba wasu duwatsu marasa nauyi. Su ba sa ci, zafi kawai suke riƙewa. Kamfani ya bar itace ne saboda iska tana kwasar tartsatsi ta kai kan tanti, ga hayaƙi yana sa baƙi tari, ga toka da ake bari a yashi.

Tukunyar ba ta kwana a tanti, ba ta kuma zama kusa da kaskon. Tiyon dogo ne, ina kai ta iyakar tsawonsa in kafa ta a tsaye. Ni nake duba tiyon, ba na bar wa kowa. Ina bin sa da yatsu daga farko har ƙarshe ko ya tsage. In na ɗaura sai in shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, in buɗe tukunyar a hankali in zuba ido. In kumfa ta taso, akwai yoyo, sai in rufe in sauya. Sau ɗaya hakan ta faru, na jefar da tiyon, baƙi suka jira. In ba kumfa sai in sunkuya in shinshina. Sannan in durƙusa a gefe, iska a bayana, fuskata nesa, in danna makunni in murza. Yana yin ƙas-ƙas, sai wuta ta fito ta tsakanin duwatsun, shuɗiya a ƙasa, ja a sama. In za a kashe, murza makunnin kawai ake yi ta mutu nan take, sai in je in rufe tukunyar.

Kin ce kada in sa sukari. Ranar farko da na ji warin gas ɗin, sai na ja da baya. Na zaga bayan mota na yi amai. Warin asibitin nan ne ya dawo mini, da muryarki. Wani abokin aikina ɗan Nepal ne ya kunna a ranar. Na kwana ina cewa gobe zan ce ba zan iya ba. Da gari ya waye sai na ji haushi ya kama ni, na ce abin da ya yi wa matata haka, sai na san shi ciki da waje. Na sa ɗan Nepal ɗin ya koya mini, na yi ta kwancewa ina ɗaurawa har ya gaji da ni.

Na so in gaya miki tun a takardar farko. Na rubuta na yaga.

In kin zo ba dole sai kin je Silain ba. Akwai kasuwa, akwai bakin teku a cikin gari, Mufeeda ta tsara miki yawo kamar za ki shekara.

Naki har kullum,
Sagiru

Tudun Wada, Kaduna
13 ga Fabrairu

Anti Mufeeda,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, na samu kowa lafiya. Inna ta ga turaren da kika ba ta, ta ce in gaya miki Allah ya sa ki gama da duniya lafiya. Ban san da wane baki zan gode miki ba, mako biyu kina ciyar da ni kamar za a kai ni kasuwa.

Da muka dawo daga Silain kina wajen aiki a Lusail, washegari kuma sai filin jirgi, ba mu samu zama ba. Na san kin tambayi Yaya Bawah, na kuma san abin da ya ce miki, "lafiya lau," ya ja bakinsa. To ga yadda aka yi.

Kin san ni na ce a kai ni, ba wanda ya matsa mini. Sharaɗina ɗaya, ba zan shiga mota ɗaya da tukunyar ba. Shi ya sa Yaya Bawah ya biyo mu da kayan a wata motar. Hawan yashin nan kuwa, Anti, na yi salati na yi ihu na yi dariya, har na ce wa Abban Maimunat in ya kashe ni Inna ba za ta yafe masa ba. Da muka tsaya na cire takalmi na shiga ruwan teku har idon sawu. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

Da rana ta kusa faɗuwa ya sauke kaskon. Ina tsaye ina kallo ya bi tiyon da yatsu, ya shafa ruwan sabulu, komai yadda ya rubuto mini. Sai ya buɗe tukunyar. Wannan ɗan sautin, sss, da warin da iska ta kawo mini, shi ke nan. Ban san lokacin da na ruga mota na kulle kaina ba. Ta gilashi na ga ya rufe tukunyar, ya kwance komai, ya mayar motar Yaya Bawah. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa bai ƙwanƙwasa ba, har sai da na buɗe da kaina. Na ce masa na ba shi kunya. Ya ce, "Ke kin kai mota. Ni a bayanta na tsaya na yi amai." A cikin motar muka ci abinci, muka yi sallah, muka shige tanti da barguna. Yaya Bawah ya kwana a motarsa ba wuta, bawan Allah.

Da asuba sanyin wurin nan ya wuce misali. Ruwan alwala kamar reza. Muka idar da sallah ina ƙudundune a bargo, gabas ta fara ja, sai na ji bakina ya ce, "Je ka haɗa shi." Ya dube ni. Na ce, "Ka haɗa, ni zan tsaya a nan."

Na toshe hanci da bargo har ya kunna. Daga nesa na ga wutar ta tsaya a inda aka ajiye ta, ba ta bin kowa. Na ɗan matsa. Na tsaya. Na ƙara matsawa. Shi kuwa ya zauna ya juya mini baya kamar bai san ina zuwa ba, amma ina ganin kunnensa a miƙe. Har na iso na zauna a bayansa, na leƙo ta kafaɗarsa. Ɗumin ya taɓa hannuna na hagu, mai tabon, fatar ta ɗan ɗaure. Na janye. Ya kama hannun ya riƙe a cikin nasa, muka miƙa tare.

Can na ce, "Ina makunnin?" Ya nuna mini. Na ce, "Ba kunnawa zan yi ba." Ya ce ya sani. Na miƙa yatsu biyu na murza.

Anti, wutar ta mutu. Nan take, ko hayaƙi babu. Ranar da abin ya same ni ba abin da ba a yi ba, ruwa, ƙasa, bargo, ta ƙi mutuwa. Wannan kuwa ni na ce ta mutu, ta mutu. Na fashe da kuka. Da na share hawaye na ce, "Sake kunnawa." Ya kunna, na kashe. Na ce ya sake. Muna ta yi, kuka ya koma dariya, sai ga Yaya Bawah ya fito daga mota a naɗe da bargo har ka, ya ce, "Don Allah ku yanke shawara ɗaya, mutum ya kwana yana daskarewa!" Sai na bar masa ita, muka sha shayi har rana ta fito.

Ki ba shi haƙuri a madadina. Ki gaishe shi da kyau, ki kuma ci gaba da sa ido a kan farantin mijina.

Ƙanwarki,
Haulat

Kaduna
20 ga Fabrairu

Abban Maimunat,

Salam. Muna lafiya, sai kewarka da ta dawo sabuwa.

Jiya na kai wa maƙwabciyarmu Zalihatu ɗinkinta, na same ta a kicin. Ta taso da sauri za ta ja ƙofa, na ce bari. Na shiga, na wuce ta, na murza makunnin murhun gas ɗinta na kashe. Ta tsaya baki buɗe, sannan ta rungume ni tana kuka. Sai da muka gama koke-kokenmu ta ce, "Haulat, shinkafar fa ba ta nuna ba."

Ita ta sake kunnawa. Ni ban kai nan ba tukuna, kuma kada ka sayo komai, gawayina yana nan. Amma ban fita ba. A kicin ɗin na zauna har ta sauke, na ci na ƙara.

Ka duba tiyonka. Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Haulat